Jirgin Ƙasan Kara

'Yan'uwa marubuta, layin dogo bai taɓa ratsa Birnin Kudu ba. Wanda ya isa Nguru daga Kano a 1930 ta arewacin Jigawa ya bi. Amma muna yara mun yi namu jirgin: taragu na karan dawa, tayoyi na tsohon silifas, ƙusa kuwa ƙayar aduwa. Da laka muke gina tasha da gada, mu tara tsakuwa mu ce ga Dutsen Habude.

Haɗawa aikin wuni guda ne. Gyara ne wahala: gara ta ci kara, akuya ta taka gada, ruwa ya share layi. Ragon gyara, jirginsa ba ya kwana uku.

Haka rubutu yake. Mu nawa ne ke komawa kan labarin jiya, mu duba inda gara ta ci?