Daga Yagwa zuwa Girbidik a kan digi

  

Duk wanda aka haifa a Yagwa ya san kalmar digi tun kafin ya san baƙi da wasali. Kullum damina sai ka ji ana cewa digi ta riƙe, digi ta tsage, an kai buhuna digi. Amma in ka tambayi 'yan ajinmu su nawa suka taɓa bin ta har nesa da gari, ina jin ba za a cika yatsun hannu ɗaya ba. Ga wanda bai sani ba, digi ganuwa ce ta ƙasa da aka tara a bakin kogin Logon, ta tashi daga wajen garinmu ta miƙa arewa har Pus, kimanin kilomita 70. A Pus kuma wata ta karɓa ta yi yamma, ta bi ta Maga har Girbidik, kilomita 27. Wannan ta biyun ita ce madatsar da aka gina a 1979, ita ta tare ruwan da ya zama tafkin Maga. Samanta hanya ce, babur da keke da amalanke duk nan suke bi.

Bayan ambaliyar 2024, wadda ba sai na tuna wa kowa ita ba tunda da yawanmu a kwalekwale muka fitar da kayan ɗaki, Yayana ya ce in an yi hutun Disamba zai je gaida Kawunmu a Pus, kuma a keke zai je, yana son ya ga inda ruwan ya bi. Na roƙi Baba har ya yarda in bi shi. Wani abokin Yaya ya zama na ukunmu. Kayanmu ba yawa: famfo, faci da sholisho, tub ɗaya sabo, galan na ruwa, buta, tabarma ƙarama, ƙuli-ƙuli da dabino, sai katin shaida, don hanyar bakin iyaka ce, jandarma na iya tsayar da kai ko'ina.

Tun ba mu tashi ba gardama ta fara, kuma ta fikihu ce. Abokin Yaya ya ce kasaru za mu yi. Yaya ya ce a mazhabarmu sai tafiya ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, Pus kuwa ba ta kai ba. Muka kai wa Malam. Ya ce, "Ina kuka yi niyya tun daga gida, Pus ko Girbidik?" Muka ce Girbidik, Allah gafarta Malam, kwana biyu kawai za mu yi a Pus. Ya ce to tafiyar ta kai, kuma zaman da bai kai kwana huɗu ba ba ya yanke ta. Ni dai ranar na fara yin azahar raka'a biyu a rayuwata, a gindin giginya, ga Cadi can tsallaken ruwa ina kallo.

Mutum zai ɗauka ƙasa shimfiɗaɗɗiya daɗin tuƙi gare ta. Wallahi ba haka ba ne. Inda ba hawa, ba gangara, kuma inda ba gangara ƙafarka ba ta hutawa ko na minti ɗaya. Ga iskar hunturu daga arewa take zuwa, mu kuma arewa muka nufa, a kan tudu, ba bishiya ba gini da zai kare mu. Saman digin ma ba sumul yake ba. Shanu sun taka shi tun yana ɗanye, laka ta bushe da sawun kofato, keke yana ta kakkarwa har haƙoranka su riƙa haɗuwa. Sau biyu ƙayar aduwa ta sa mu zaman faci.

Amma abin da ido ke gani daga can sama ba a ganinsa daga ko'ina. A dama ga Logon, faffaɗa, ruwansa ja-ja, masunta a tsaye cikin dogayen kwalekwale suna jefa birgi. A hagu ga gonakin shinkafa na SEMRY a yanke murabba'i-murabba'i kamar hatimi a allo, magudanan ruwa sun ratsa su. Inda gonaki suka ƙare sai fadama, ciyawa da ruwa kwance har iyakar gani. Belbela kamar an shanya fararen kaya. Zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya. Mun ga gauraka guda biyu, ni ban taɓa ganinta ba sai a hoto. Can kuma jan baki suka taso kamar hayaƙi, Yaya ya ce ai su ne abokan gābar mai shinkafa, in ta nuna yara wuni suke da gwangwani suna kora.

Wajen tsakiyar hanya Yaya ya tsaya ya ce in sauka. Ya nuna mini layin da ruwa ya bari a jikin digin ta ɓangaren kogi, shara da busasshiyar ciyawa sun manne a wurin. Sannan ya ce in juya in dubi ƙauyen da ke hagu. Layin ruwan nan ya fi ƙofofin ɗakunansu tudu. Ma'ana, a watan Satumba mutanen nan sun kwanta barci da 'ya'yansu kogi yana bisa kansu, abin da ke tsakani tarin ƙasa ne wanda na ƙetare faɗinsa da 'yan taku kaɗan. Tsigar jikina ta tashi. Buhunan ƙasa suna nan jere inda aka yi ta toshewa, wasu rana ta cinye su sun fashe.

Daga nan na daina kallon tsuntsaye, na koma kallon digin kanta, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Akwai inda aka haƙi gindinta aka buga tubali, ramin yana nan. Akwai inda shanu suka mai da mashaya, kullum suna sauka suna hawa har wurin ya lotsa. Akwai ramukan ɓeraye da gidajen gara. Wani wurin an tsaga ta an tura bututu don a ja ruwa zuwa lambu, aka mayar da ƙasa sama-sama. Na san mai tubalin nan ba mugu ba ne, watakila ɗakinsa ne ruwa ya ci yake son ya tayar kafin sanyi ya yi tsanani. Amma ƙasar da ya ɗiba ta mutum dubu ce. A makaranta an karantar da mu hukuncin wanda ya ci haƙƙin hanya da wanda ya ɓata ruwan jama'a, ni a ganina wannan babin ne, kuma ban taɓa jin an yi wa'azi a kansa ba ko sau ɗaya. Bayan ambaliyar 2012 an yi babban gyara da kuɗin Bankin Duniya. Sai dai injin da ya zo ya gyara ya tafi, mai zama kusa da ita shi ke ganin tsaga tun tana ƙarama.

Mun shiga Pus bayan la'asar, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Inna ta ce, "Kai ɗan nan, mota ta ƙare a duniya ne?" Ta kawo tuwon jar dawa da miyar busasshen kifi, ban san lokacin da na yi barci ba. Washegari Talata, ranar kasuwar Pus, mutanen Cadi suna ta ƙetarowa a kwalekwale. Fulatanci, Musgum, Larabcin Shuwa, Hausa, Faransanci, duk a rumfa ɗaya. Kawu ya kai mu muka ga ɗakunan gargajiya na Musgum, dogaye masu tsini kamar an kife tulu, laka zalla ba itace ko ɗaya, zanen jikinsu kuma matakala ce ta hawa a yi yaɓe.

Da dare na gaya wa Kawu abin da na gani, ina ta yabon digi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ai kai ta gefe ɗaya ka gan ta." Ya ce kafin a gina madatsar Maga, duk shekara Logon yakan fantsama cikin filayen arewa da ake kira yayre, har wajen dajin Waza. Kifi ya hayayyafa a ciki, in ruwa ya janye ciyawa ta fito, makiyaya su zo da shanu daga nesa. Da aka tare ruwan, kuma aka shiga shekarun fari, wuri mai yawa ya bushe, masunta da makiyaya da dama suka tashi. Sai a 1994 aka buɗe wani reshe aka mayar da wani kashi na ruwan. Wato ganuwar da ta ba mu shinkafa ta kuma hana kogi shiga ɗakinmu, ita ce ta rage wa wasu abinci. Na yi shiru, don ba ni da amsa, har yau kuma ina juya maganar.

Tafiyar Pus zuwa Girbidik ta fi sauƙi, iska ta koma gefe da baya. Yanzu tafki ne a hagu, ba ka ganin ƙarshensa, shinkafa a dama. A nan ba a buƙatar injin ja kamar namu na Yagwa, ƙofa kawai ake buɗewa ruwa ya gangara gona da kansa, abin da ke nuna maka tafkin ya fi gonakin da garin Maga tudu. Mun so mu sauka mu yi alwala a wani lungu, wani dattijo mai gyaran koma ya daka mana tsawa ya nuna ruwa. Kunnuwa ne da hanci, dorina uku. Muka matsa gaba inda mata ke wanki. Abokin Yaya ya yi ƙyanƙyamin ruwan don ya yi ja, na tuna masa darasin Ishmawi, ruwan da ƙasar mazauninsa ta canja shi yana nan da tsarkinsa. A Maga muka ci soyayyar karfasa, Yaya ya sayo wa Baba banda. Muka kwana Girbidik gidan wani abokin Kawu, da safe muka ɗora kekuna a motar buhuna muka dawo.

Ina roƙon malamai, in hali ya yi, a shirya wa 'yan babban aji wannan tafiya ko da rabinta ce, da izinin iyaye da babba a gaba. Lokacinta daga Disamba zuwa Fabrairu. Da damina kada wanda ya gwada, lakar wurin tana cika tsakanin taya da madigadi har keke ya ƙi motsi, sai dai ka ɗauke shi a ka. A tashi da an sallame asuba kafin iska ta ƙarfafa, kowa da tub biyu, ɗaya ba ya isa.