Jirgin Abuja: Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa

Na san wani zai dubi kan wannan maƙala ya ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da zancen jirgin ƙasa da motocin haya, alhali ga waƙa ga nahawu ga karin magana duk suna jiran mai tsokaci? To, a yi mini uzuri. Kuɗin da nake biya ina zama aji ɗaya da ku daga aljihun wani dattijo suke fitowa, shi kuwa dattijon nan kullum sai ya raba abin da ya samu da direba da kwandasta kafin ya kawo saura gida. Saboda haka a wurina zancen mota zancen karatu ne, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Mahaifina masinja ne a wani ofis da ke Wuse cikin birnin Abuja, ya kusa shekara ashirin yana wannan aiki. Mu kuwa a Dei-Dei muke zaune, can bayan gari, inda kasuwar katako da ta dabbobi suke. Wanda bai san Abuja ba sai ya zaci duk wanda ya ce daga can yake, to, maƙwabcin minista ne. Ina! Tun da Janar Murtala Muhammad ya zaɓi wurin a 1976, har aka tare a ciki ranar 12 ga Disamba 1991, kuɗin hayar gida a tsakiyar birnin bai taɓa zama na talaka ba. Masu shara da masu gadi da masinjoji da ƙananan akawuna duk a gefe suke kwana: Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe da Zuba da Gwagwalada, wasu ma a wata jiha, watau Mararraba ta Nasarawa ko Suleja ta Neja. Birnin kan cika da hantsi ya zube da almuru, kamar randar gidan yawa. Duk wannan jama'a kuwa sai an ɗauko ta da safe an mayar da ita da dare. A nan gizo yake saƙar.

Baba ya sha ba ni tarihin yadda abin hawa ya yi ta raguwa a hannun talaka. A 2006 aka hana 'yan acaɓa shiga cikin birni, aka kawo manyan safa-safa waɗanda har yau mutane ke kira motocin El-Rufa'i, da sunan ministan wancan zamani. A 2013 kuma aka hana ƙananan bas-bas ɗin nan masu koren fenti da ake ce wa araba shiga tsakiyar gari, aka ce manyan za su maye gurbinsu. Manyan nan da ma ba su wadatar ba, ga shi kuma yau da gobe ta ci da yawa daga cikinsu. Ganin haka sai kowa ya mai da motarsa ta haya. Ma'aikaci ya fito zai tafi ofis, sai ya tsaya bakin titi ya ɗebi mutum shida, huɗu a baya biyu a gaba, don ya sami kuɗin mai. Babu fenti, babu lamba, babu tasha, babu ɗan kamasho da zai ce ya san direban. Kai dai ka ji an kira sunan unguwarku, ka yi bisimilla ka kutsa.

Haka aka yi ta maneji har ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta taɓa 1,000. Kuɗin mota ya bi bayanta a guje, albashi kuwa yana tafe da sanda, don sai a Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancinsa daga naira 30,000 zuwa 70,000. A gidanmu ba a jarida muka karanta wannan ba, a tukunya muka gani. Nama ya yi ƙaura, shayin safe ya koma koko, Baba kuma ya fara fita da an sallame Asuba, don ya riski motar da ba ta riga ta tsawwala kuɗi ba.

A ƙarshen shekarar 2023 ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. An buɗe rajistar sabon zangon karatu, Baba ya ɗauki adashin da suke yi a wurin aiki, ya sa kuɗin a aljihun ciki da niyyar ya aiko mini washegari. Ya tsaya bakin titi tun La'asar sakaliya har aka yi Magariba, duk motar da ta tsaya sai matasa su rufe ta, wa zai iya kokawa da su? Can sai ga wata ta tsaya daidai gabansa, da maza biyu a baya da wata mace a gaba riƙe da jaka. Ya ce ganin macen nan ne ya kwantar masa da hankali. Ba su yi nisa ba aka ɗage gilasai, na kusa da shi ya ɗora masa wuƙa a haƙarƙari. Suka ƙwace kuɗin da waya da katin banki, sa'an nan suka rage gudu kaɗan suka tunkuɗo shi gefen hanya cikin duhu. Irin waɗannan ɓarayi su ake kira 'yan wan-cans a Abuja, kuma akwai waɗanda suka shiga hannunsu ba su dawo da rai ba. Allah ya yi da sauran kwana a gaba, Baba ya tsira da ƙujewa a gwiwa da kafaɗa. Ni kuwa saura ƙiris in ajiye karatu a shekarar, ba don Inna ta ɗaga keken ɗinkinta ta sayar ba.

To, mai karatu, ka ga dalilin da ya sa na yi farin ciki ƙwarai da na ji za a sake tayar da jirgin ƙasa na cikin birnin. Shi wannan jirgi yana da nasa tarihin. A 2007 aka ba wani kamfanin ƙasar Sin mai suna CCECC kwangilar aikin, aka ciwo bashi daga can, aka kashe fiye da dala miliyan 800. Sai ranar 12 ga Yuli 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Tsawon dogon kimanin kilomita 45 ne, da tasha 12, a kan layi biyu: ɗaya ya tashi daga tsakiyar birni ya bi ta Idu ya tafi filin jirgin sama, ɗaya kuma ya tashi daga Idu ya bi ta Gwagwa da Dei-Dei da Kagini ya tsaya Gbazango ta wajen Kubwa. Da farko tasha uku kaɗai aka buɗe. Bai cika shekara biyu yana aiki ba annobar korona ta zo a 2020 aka ajiye shi, ya yi shekara huɗu a kwance, ɓarayi suna yankar wayoyinsa. Daga baya aka gyara, aka shimfiɗa titunan shiga tashoshin, aka sake buɗe shi ranar 29 ga Mayu 2024, aka kuma ce kowa ya hau kyauta har ƙarshen shekarar.

Da na zo hutu a damanar wannan shekara, na dami Baba da zancen. Na ce, "Baba, ga jirgi a bayan gidanmu, kyauta, babu cunkoso babu ɗan wan-cans, me ya sa ba za ka koma masa ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Kai ɗan boko, a rediyo ka ji. Bari in sami hutu mu je, gani ya kori ji."

Wata Talata muka shirya. Abu na farko da na lura da shi, tashar da nake cewa tana bayan gidanmu ba ta tafiyar ƙafa ba ce ga dattijo, tilas muka hau acaɓa, mutum biyu babur biyu. Tashar kam sai wanda ya gani, tsaf-tsaf, ga kujeru ga ma'aikata da fara'a, amma fasinjojin da muka tarar ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Muka zauna jira, don a lokacin sawun jirgin kaɗan ne a yini, in ya wuce ka sai ka daɗe kafin wani. Da ya iso muka shiga, sai ga sanyi, ga wurin miƙe ƙafa, ba mai taka ka, ba kwandastan da zai ce ba shi da canji. Na saci kallon Baba na ga ya jingina ya lumshe ido. Rabon da in gan shi cikin abin hawa hankali kwance haka har na manta. Muka wuce Gwagwa muka sauka Idu, inda jirgin Kaduna yake tashi, muka sake zaman jiran wanda zai shiga gari. Shi kuma ya bi da mu ta Wupa da Kukwaba da filin wasa, yawancin hanyar daji ne da duwatsu da gonaki, ba gidajen mutane ba. Da muka fito daga babbar tasha a tsakiyar birni, sai na shiga waige-waige ina neman safar da za ta kwashi waɗanda suka sauka. Ban ga ko ɗaya ba, sai 'yan tasi suna jira, kowa da nasa farashin.

A bakin ofishinsu Baba ya duba agogo, ya ce in fito da biro in yi lissafi tun da ni ne mai karatu. Na haɗa kuɗin acaɓa da na tasi, sai ga shi sun kusa kamo abin da yake biya a mota daga gida kai tsaye. Lokaci kuwa, da ranar aiki ce da tuni an ja layi a littafin sa hannu. Ya ce, "To, ka gani? Jirgin ba shi da laifi, ɗaki ne mai kyau da aka gina aka manta ƙofa. Ni ba kyauta nake nema ba. A ba ni abin da zan hau in san ƙarfe kaza zai tashi, ƙarfe kaza zai kai ni, kuma in san wanda yake tuƙa ni." Na yi shiru, don ban da amsa. Washegarin ƙarewar hutunsa ya koma bakin titin nan da aka ɗauke shi, yana leƙa fuskokin mutanen cikin mota kafin ya shiga.

Tun daga ranar na riƙa sauraron hirar fasinjoji a mota da majalisa, na kuma tarar kukansu bai wuce huɗu ba. Na farko, dogon bai bi inda jama'a take ba. Hanyar Nyanya da Mararraba, wadda ta fi kowace cunkoso safe da yamma, ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa mata ba, haka Lugbe da Gwagwalada. Na biyu, jirgi ba ya zuwa ƙofar gida, saboda haka sai da safa mai kai mutane tasha da mai kwashe su daga tasha, a kan kuɗi kaɗan, in da hali ma da tikiti ɗaya. Na uku, ma'aikaci da agogo yake aiki, sawun da bai dace da shiga ofis da tashi ba na 'yan yawon buɗe ido ne. Na huɗu shi ne tsaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɗan wan-cans kuwa ba abin da ya ba shi wuri sai ƙarancin motar da aka san mai ita. A 2025 an ƙaddamar da sababbin tashoshin mota a Mabushi da Kugbo da nufin a raba mutane da tsayuwar bakin titi, wannan kuwa abin a yaba ne. Amma tasha gida ce, mota ita ce amarya. In babu isassun safa masu tashi a kan lokaci, mutane za su leƙa su koma inda suka saba.

Kada a ɗauka ina kushe jirgin ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na hau shi, na ga amfanin da zai iya yi, shi ya sa abin yake mini ciwo. Yawancin kuɗin da aka gina shi da su bashi ne, kuma da ni da ku da ƙannenmu za mu biya, har da wanda bai taɓa ganin taragonsa ba. Ashe kuwa muna da bakin tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Daga ƙarshe ina jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai. Shekara da shekaru ana zancen gina irin wannan jirgi a Kano da Kaduna, kuma a cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a rediyo da jarida da ofisoshin da ake yanke irin wannan shawara. In ranar ta zo, kafin a tambayi tsawon dogo da kyan tasha, a fara tambayar ina masinja yake kwana, ƙarfe nawa yake fita, da me zai isa tashar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni dai burina in gama karatun nan in fanso wa Inna kekenta, in kuma ga ranar da Baba zai shiga mota ba tare da ya leƙa fuskar kowa ba. Allah ya tsare mana iyayenmu a fitarsu da komowarsu, amin. Wassalam.