Wata Takwas a Ajin Raino: Abin da Na Gani a Kinkinau

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Kafin shekarar 2022, da wani ya tambaye ni aikin matan nan da ake kira nani a makarantun ƙananan yara, da sai in ce masa ai shara ce da yi wa yara tsarki, ba wani abu ba. To, a watan Fabrairu na wannan shekara malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai a watan Oktoba, na koma gidanmu a Kinkinau, zama ya ishe ni. Sai wata aminiyar mahaifiyata ta yi mini hanya a wata ƙaramar makarantar kuɗi ta wajen Unguwar Mu'azu, aka ɗauke ni mataimakiyar malama a ajin 'yan shekara uku zuwa huɗu. Na karɓa ne ina jin kamar an rage mini daraja, ni da na riga na shiga jami'a.

Bari in fara da bayyana wa mai karatu yadda aikin yake. Tun kafin ƙarfe bakwai ake so mataimakiya ta iso, ta share aji, ta jera kujeru, ta tanadi ruwan sha da na wanke hannu. Daga nan sai ta tsaya bakin ƙofa tana karɓar yara, tana lura da wanda ya kawo kowanne, tana kuma duban wanda jikinsa ya yi zafi, ko idonsa ya yi ja, ko ƙuraje suka feso masa, domin a irin wannan aji ciwon ɗaya na kowa ne. Idan malama ta tsaya gaban allo, ita kuwa sai ta zauna a tsakiyar yara, ta kama hannun wannan ta nuna masa riƙon fensir, ta rarrashi mai kuka, ta raba masu faɗa. In lokacin cin abinci ya yi, ita za ta buɗe wa kowa kularsa, ta tabbatar mai ƙarfi bai ƙwace na rarrauna ba. Ita ce mai kai yaro bayan gida, ita ce mai sauya masa wando. In an tashi kuma, ba za ta tafi ba sai ta damƙa yaron ƙarshe a hannun nasa.

A makon farko na gane cewa karatuna bai shirya ni wa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wadda ta koya mini aikin wata dattijuwa ce, nanin ajin da ke kusa da namu, wadda kowa ke kira Inna. Iyakar karatunta allo ne da ajin yaƙi da jahilci. Akwai wani yaro a ajinmu da kusan kullum sai ya jiƙa wandonsa, ba ya kuma magana da kowa. Ni har na yanke hukuncin cewa sangarta ce. Wata rana Inna ta leƙo ta tarar ina yi masa faɗa, sai ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, kin taɓa tambayarsa da Hausa?" Ashe dokar makarantar ita ce duk mai son fita sai ya nemi izini da Turanci, shi kuwa bai iya ba, yana kuma tsoron a yi masa dariya. Inna ta durƙusa daidai tsayinsa, ta ce masa duk sa'ad da ya matsu ya zo ya taɓa mayafin Anti kawai. Tun daga ranar bai sake ba, kafin wata guda kuwa har tatsuniya yake ba mu.

Abin da ya ba ni kunya daga baya shi ne, abin da Inna ta sani ba tare da littafi ba, an rubuta shi tun 1977. Manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a wannan shekara ta tanadi cewa a matakin share fagen firamare a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen al'ummar da yake zaune a cikinta, kuma wasa ya zama babbar hanyar koyarwa. Ni mai nazarin Hausa ce, amma sai ga shi wata ce ta tuna mini amfanin Hausa.

Darasi na biyu ya fi wannan nauyi. A farkon 2022 ne labarin yarinyar nan 'yar shekara biyar ya girgiza ƙasa, wadda mai makarantar da take karatu a Kano ya sace ya kashe, saboda haka iyaye a tsorace suke. Wata rana da azahar wani mutum ya zo a kan babur ya ce shi kawun wata yarinya ce, an aiko shi ya ɗauke ta. Yarinyar kuwa ta ruga ta rungume shi, ni har na miƙa masa jakarta. Inna ta riƙe hannuna ta ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, sai mun ji daga bakin uwarta." Ya yi fushi, ya ɗaga murya, ita ko gezau. Aka buga waya, aka tabbatar lallai kawunta ne. Da ya tafi na ce, "Inna, ga shi mun ɓata masa rai a banza." Ta ce, "Gara ya yi fushi da mu yau, da uwarta ta yi kuka da mu gobe."

To, wane sharaɗi ya kamata mai wannan aiki ta cika? Game da malama dai an san ƙa'ida: takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, akwai kuma hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993. Amma ni da aka ɗauke ni mataimakiya, ba wanda ya tambaye ni ko na san abin da ake yi wa yaron da ya shaƙe da abinci, ko wanda zazzaɓi ya sa shi jijjiga. A ganina sharuɗɗan guda biyar ne: haƙuri, da riƙon amana, da tsabta tare da sanin taimakon gaggawa, da ido mai lura, da kuma jin harshen yaro. Ya kamata ta iya karatu da rubutu ma, domin ta riƙe rajistar wanda ya kawo yaro da wanda ya ɗauke shi. Bugun 2004 na manufar ilmi ya ƙayyade yara 25 ga malami ɗaya, mu kuwa ajinmu ya haura talatin. Ba mataimakiya, wace malama za ta iya?

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa takarda ba ta da amfani. Ko a Turai, lokacin da Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, 'yar mai kula da ginin aka ɗora a kan yaran, ba ƙwararriyar malama ba, amma Montessori ba ta sake ta haka nan ba, tana bisa kanta tana nuna mata. Mu ma a makarantar allo, ai gardi ne ke biya wa ƙolo, amma a ƙarƙashin idon malam. Hali shi ne tushe, horo kuwa shi ne gini. Ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa nan a Kaduna tun 1976, ga kwalejojin ilmi. Me zai hana a shirya wa irin su Inna gajeren kwas da Hausa, a ba su shaida, albashinsu ya daina zama mafi ƙanƙanta a makaranta? Mu kuma ɗaliban Hausa, aikinmu ne mu tattara waƙoƙin raino da tatsuniyoyi da kacici-kacici mu tsara su yadda za su shiga aji.

Da aka janye yajin aiki na je sallama, Inna ta ce mini, "In kin zama babbar malama, kada ki manta da masu wankin fo." Wannan rubutu cika alkawari ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannun da ke tanƙwarawar kuwa bai cancanci raini ba. Allah ya saka wa masu rainon 'ya'yanmu da alheri, amin.