Me Ke Kayar da Jirgi Tun Bai Yi Nisa Ba?

'Yan uwana mata, ranar 15 ga Disamba, 2012, ina tsakar gida a Kaduna ina tankaɗe, sai na ji a rediyo jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Bayelsa da Gwamna Patrick Yakowa, jim kaɗan da tashinsa, mutum shida sun rasu. Wallahi rariya sai da ta kuɓuce mini, don maigidana makanikin irin waɗannan ƙananan jiragen ne, yakan kuma hau su.

Da ya dawo na tare shi tun a zaure, na ce, "Malam, me ke kayar da jirgi tun bai yi nisa ba?"

Ya ce lokacin tashi na da haɗari ƙwarai, don jirgin bai yi sama ba, bai ɗauki gudu ba, in inji ya mutu matuƙi ba shi da sararin sauko da shi a hankali. Ya lissafo mini: kaya fiye da ƙima, tsananin zafi mai rage wa farfela ƙarfin ɗagawa, ruwa a cikin mai, karo da wayar lantarki. In kuma farfelar wutsiya ta lalace, sai jirgi ya kama juyi kamar katantanwa. "Yawancinsu," in ji shi, "tun a ƙasa ake gano su, in mai dubawa na cikin natsuwa."

Tun ranar na daina tayar masa da rigimar cefane da sassafe. Gara in haɗiye maganata har yamma, ya fita da hankalinsa kwance, don rayukan mutane na hannunsa.