Gayyar Yankan Kachalla

A makon nan zan yi muku zancen wata ciyawa da ta hana mu sakat a fadamar Haɗeja da Nguru, da kuma aikin gayyar da mu mata muka sa hannu a cikinsa don maganinta.

Sunan ciyawar kachalla. Doguwa ce, ta fi mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero. Iyayenmu sun san ta, amma a da ba ta da wani ƙarfi, domin kogi yakan kawo ruwa da damina, ya janye da rani, sai ta bushe. To, da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa zuwa rani da damina, laka kuma ta taru a hanyoyinsa. Abin da kachalla ke so ke nan. Saiwarta ta bi ta ƙarƙashin laka, irinta kuwa iska ke ɗauka kamar auduga, har ta toshe hanyoyin ruwa. Wani gari ruwa ya ci gonakinsa, wani kuwa ko ɗigo ba ya samu.

Kada ku ce wannan damuwar maza ce. In kwalekwale bai sami hanya ba, babu karfasa ko tarwaɗa a tukunyarki. Tsuntsayen jan-baki a cikinta suke kwana, da safe su faɗa wa shinkafa da gero. Sauro ma nan ne gidansa, haka katantanwar da ke sa wa yaranmu tsargiya. Bado da muke ci ya rasa wurin fitowa. Dinya da kirinjijiya, da baƙin tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su zo Dagona lokacin hunturu, buɗaɗɗen ruwa suke nema, ga shi ya ragu. Saboda tsuntsayen nan ne fa aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin fadamun da duniya ke kiyayewa a shekarar 2000.

Da mai unguwa ya kira gayya, wasu suka ce me mace za ta yi a can? Muka nemi izinin mazanmu, muka tafi. Maza suka shiga ruwa da lauje, mu kuwa muka tsaya a gaɓa muna jan abin da suka yanka, muna shanyawa a tudu. Waɗanda ba sa fita suka dama kunu suka aiko yara da shi, ladansu ɗaya da namu.

Ga abin da nake so kowacce ta riƙe. Sa wa kachalla wuta wahalar banza ce, saiwar tana nan, za ta tofo. Sai a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, domin ta ganyenta take shaƙar iska, in ruwa ya rufe kututturen sai ya ruɓe. Kuma yanka ɗaya ba ya isa, sai an koma sau biyu ko uku. Wadda aka shanya ba a zubarwa, ana saƙa tabarma da ita, a yi jinka.

Hanyar ruwa ɗaya tak muka buɗe, kachalla kuwa na nan har inda ido ya tsaya. Amma masunta sun wuce da jiragensu, ni kuma da idona na ga ganyen bado ya shimfiɗu a inda muka yi aiki.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan, ku nuna musu yadda ake yankan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an kira gayya ta gaba, kada a nemi mata a rasa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.