Ginin da ke cewa ba kowa

Duk wanda ya yi watan Afirilu a Yamai ko a Damagaram ya san kalmar "zafi" ita kaɗai ba ta isa. Akwai ƙunar rana ta tsakiyar bazara. Akwai zufar gab da ruwan farko, lokacin da iska ke tsayawa cak riga ta manne a baya. Akwai hucin da bangon siminti ke amayarwa da daddare bayan ya wuni yana shan rana. Ta wajen sanyi ma haka: sanyin randa daban, ɗarin hunturu daban, jaurar asuba mai fasa leɓe daban. Mu ɗaliban kimiyyar harshe irin wannan ƙidayar kalmomi muke so, har gardama muke yi a kai wurin mai shayi. To amma a wasu manyan gine-ginen Yamai akwai mai yanke hukuncin zafi da sanyi a madadin ɗaruruwan mutane, kuma duk cikin kalmomin nan bai san ko ɗaya ba. Lamba kawai ya sani. Manhaja ce cikin kwamfuta.

Na san ta ne ta hanyar yayana, ɗan wan babana. Da gyaran firij da kilim ya fara a bakin titi, yanzu shi ke kula da injinan wani gini mai hawa da yawa. A hutun bara ya kira ni ya ce: "Kai da kake karatun harshe, zo ka yi mini amfani. Ina da takardar bayani shafi biyu da Faransanci, ina so ta koma Hausa saboda masu gadi da masu shara." Dalilinsa a fili yake. Shi yana tashi aiki da marece, su ke kwana da ginin. In ƙararrawa ta yi kuka da tsakar dare, su ke ji.

Kafin in fassara sai da ya zaunar da ni ya nuna mini yadda abin yake aiki. Masu sana'ar suna ce masa GTB, gajeren sunansa na Faransanci ke nan, ma'ana kula da injinan gini daga wuri guda. Ƙafa uku yake tsaye a kai. Ta farko ma'aunai ne, ƴan ƙananan na'urori manne a bango ko cikin tiyo, masu auna zafi da laima da motsin mutane. Ta biyu akwatin da ke karɓar abin da aka auna ya gwada shi da lambar da aka ɗora masa. Ta uku hannuwan da ke aikatawa: moto mai buɗe bakin tiyo, fanka mai ƙara gudu ko ragewa. A irin wanga gini ba kowane ɗaki ke da kilim ɗinsa ba. Wani babban inji ne ke sanyaya ruwa zuwa wajen digiri 7, ruwan ya bi tiyo ya zaga benaye, fanka ta hura iska ta kansa, ya komo yana wajen digiri 12 a sake sanyaya shi. In ma'auni ya ce ɗaki ya kai 26 alhali 24 aka ɗora, sai akwatin ya ƙara buɗe wa ruwan sanyi hanya. In ɗakin ya sauko, ya rage. Haka ake ta yi dare da rana.

Akwai ma'aunin da ya fi burge ni: yana gwada ƙarfin iska gaban matata da bayanta. In ƙurar hunturu ta toshe matatar, bambancin sai ya ƙaru, allon kwamfuta ya nuna ja. Wani kuma numfashin mutane yake aunawa, in ɗakin taro ya cika sai ya buɗe wa iskar waje ƙofa.

Dabarar ta daɗe. A 1883 wani malamin makaranta a Amurka, Warren Johnson, ya yi rajistar na'urar da ke auna zafin aji ta sanar da mai kula da tukunyar ɗumama gini. A 1902 Willis Carrier ya ƙera injin rage laima saboda wata maɗaba'a a Burukilin da takardunta ke kumbura. Abin da zamani ya ƙara shi ne injinan sun koyi magana da juna, kuma a nan ne kunnena ya tashi. Ashe su ma yaruka gare su: akwai Modbus tun 1979, akwai BACnet tun 1995, akwai KNX na Turai. In injin sanyi na jin wannan, gurup na jin wancan, sai an saka musu wani akwati a tsakani ya riƙa yin tafinta. Na ce wa yaya: "Ashe kasuwar Katako gare ku a nan ƙasa." Ya yi dariya ya ce ai nasu tafintan ba ya cin la'ada.

Sai muka shiga fassara. Kalmar "consigne" ta ci mana rabin wuni. Umarni? Ƙa'ida? Mizani? Daga ƙarshe muka tsaya kan "lambar da aka ɗora", don ta fi faɗin gaskiya: wani ne ya ɗora ta. "Sonde" muka ce ma'auni, amma masu shara sun riga mu, mai ganin motsi "idon bango" suke ce masa, sai muka bar musu sunansu. Wadda ta fi haɗari ita ce "acquitter". In ƙararrawa ta yi kuka ka danna wannan maɓalli, sai ta yi shiru. Mai gadi yana ɗauka an gyara ke nan, alhali ma'anarta kawai "na ji". Matsalar na nan daram. A ɗakin manyan kwamfutoci irin wannan kuskuren fahimta na iya ƙona kayan miliyoyi kafin asuba. Muka rubuta da manyan baƙaƙe: NA JI, AMMA BA A GYARA BA. KIRA MAI INJI.

Kalma ta gaba ita ce dalilin rubutun nan. Manhajar tana da jadawali mai hali biyu, "occupé" da "inoccupé". Daga safe zuwa ƙarfe 6 na marece gini na cikin hali na farko. Da 6 ta buga sai ya faɗa na biyu: ruwan sanyi ya tsaya, fankoki su mutu, a rufe hanyar iskar waje. Fassara ba wuya: "da mutane" da "ba kowa". Na rubuta, na karanta wa wani dattijo mai gadi, mutumin Adar, don in ji ko ta zauna a kunne. Ya yi shiru, ya dube ni, ya ce: "Ɗana, ba kowa? To mu da munka kwana ciki, mu mi na? Aljannu?"

Na ce: "Baba, ai haka injin ya rubuta."

Ya ce: "Inji bai rubutu. Mutum na."

Ƙarfe 6 ɗin nan shi ne daidai lokacin da mata masu shara ke shigowa. Awa uku suke yi suna goge benaye cikin gini mai bangon gilashi wanda tagoginsa ba sa buɗuwa, bayan ya wuni cikin ranar da ta haura digiri 40. Da Faransanci shekara da shekaru kalmar na kan allo ba ta dami kowa ba, don ta yi kama da kalmar sana'a, irin wadda ba a tambaya. Ranar da ta koma Hausa sai ta zama magana, maganar kuma ta zama cin fuska. Malamanmu suna koya mana cewa fassara ba ta ƙara ma'ana. Na yarda. Amma tana kai ma'anar kunnen wanda aka yi ta a kansa.

Da na buɗe ido sai na ga irin wannan hukunci ko'ina cikin manhajar. Ku ɗauki ɗaukewar wuta. Kowa na tune da watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana layi, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Ko da tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 ta fara aiki, ba ta toshe ramin duka ba. In wuta ta tafi gurup ya tashi, ba ya iya ɗaukar gini gaba ɗaya. Sai manhaja ta bi wani jeri tana sauke kaya: wannan ya rage, wancan ya mutu. Ɗakin kwamfutoci na sama a jerin, wannan kam da hujja. Asansar na biye. Daga nan biron manya. Zauren jira, inda talakawa ke zaune da takardunsu a hannu, shi ne farkon wanda ake kashewa. In ka tambaya a ce maka "otomatik ne". E, otomatik ne, amma jerin wani ya zauna ya rubuta shi da hannunsa, ya sa wasu gaba ya sa wasu baya.

Ita kanta lambar da aka ɗora tana da tarihi. A 1970 wani masani ɗan Danmak, Ole Fanger, ya fitar da lissafin jin daɗin jiki cikin ɗaki, mai matakai bakwai daga sanyi ƙwarai zuwa zafi ƙwarai. Akasarin waɗanda aka gwada ɗalibai ne na Amurka da Danmak, zaune cikin ɗakin gwaji. Daga baya, a 1998, de Dear da Brager suka nuna cewa mutanen da suka saba da ginin da iska ke ratsawa suna jin daɗi a zafin da ya fi haka, gwargwadon yanayin garinsu. Mu dai mun riga mun sani, jiki magayi. Wanda ya fito daga rana mai digiri 43, in ya shiga ɗaki mai 27 da fanka na juyawa, hamdala zai yi. Amma sai ka shiga biro a Yamai ka tarar an ɗora 18, ma'aikaciya na lulluɓe da mayafi biyu tana atishawa. Ƙasashen da suka fi mu wuta ma ba sa haka. Japan a 2005 ta fara kiran ma'aikatu su tsaya a 28. Dokar Faransa ta ce kada a kunna kilim sai ɗaki ya wuce 26. Indiya ta sa a riƙa sayar da sababbin kilim a ɗore kan 24 tun 2020. Duk digirin da aka sauke a biron sama, wuta ce da gazuwal da za su iya juya fanka a zauren ƙasa.

Kada a ce ina ƙin na'urar. Wallahi ina sonta. Ginin da ba shi da ita, kilim ke kwana yana aiki a ɗakin da aka kulle tun Juma'a. Ƙasar da wuta ba ta isa ba ta fi kowa bukatar abin da zai hana ɓarna. Kuma kakanninmu ma da irin wannan tunani suka yi gini: bango mai kauri na tubali da ke riƙe sanyin dare, a buɗe ƙofa bayan isha'i, a saki asabari da hantsi, a yayyafa ruwa a tsakar gida. Aunawa ce da gyarawa, sai dai ma'aunin fatar mai gida ce. Ginin Eastgate na Harare, da aka buɗe a 1996, da fankoki yake jawo iskar dare ya sanyaya simintinsa. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun gina masallaci da bulon ƙasa wanda iska ke ratsawa. Injin da ya san garinmu zai iya yin aiki da irin wannan hikima. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya biyo bayan maganar dattijon ba babba ba ne. Yaya ya nuna mini cewa manhajar tana da hanyar ɗaga jadawali na ɗan lokaci: a danna maɓalli, fankokin hawa ɗaya su yi aiki awa guda su mutu da kansu. Minti goma ya isa a saita shi. Izinin kuwa sai da ya ci wata biyu, don sai an lissafa kuɗin wuta. An yarda da fanka da iskar waje, ba a yarda da ruwan sanyi ba. Jerin sauke kaya yana nan yadda yake. A takardarmu mun sauya "ba kowa" zuwa "bayan tashin ma'aikatan rana", amma a kan allo "inoccupé" na nan. Kuma biyu daga cikin masu sharar Zabarmanci suke ji, takardar tamu sai an sake yi musu tafinta.

Ƴan uwa ɗalibai, a 2025 an rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Mun yi murna, mun yi muhawara. Ni tambayata ita ce: wane ɗaki harshen zai shiga? In ya tsaya a jawabi da waƙa da gaisuwar sarakuna, ɗakin inji ya ci gaba da magana da harshen da masu kwana da shi ba sa ji, to hukuncin da ya shafi jikinsu zai ci gaba da wucewa ta saman kansu. Muna da ƴan uwa a sashen lantarki da makarantun fasaha na Maradi da Damagaram, su za su ɗora lambobin gine-ginen gobe. Mu nemi su. Su kawo takardun injinansu, mu kawo Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci da Barbarci, mu zauna mu fassara kalma bayan kalma. Duk wadda muka fassara, kafin mu buga ta, mu karanta wa mai gadi da mai shara mu ji abin da za su ce.