Bene a tsakiyar tsohuwar unguwa

Ɗan kasuwar Dakoro da ya saba fatauci zuwa Kano ya san titin Beirut, inda ake cinikin wayar salula. Ranar 30 ga Agusta 2022 wani bene mai hawa uku da ake ginawa a nan ya rufta, ya hallaka mutane, ya jikkata wasu. Kafin wannan, ranar 1 ga Nuwamba 2021, dogon benen zama mai hawa 21 ya faɗi a unguwar Ikoyi ta Ikko, mutum fiye da 40 suka rasu, har da mai ginin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A Dakoro gidajen ƙasa suka fi yawa. Amma sha'awar bene ta kama alhazan Maraɗi, kuma abin da Maraɗi ta yi, garuruwan jihar kan bi sahu. Fili kusa da kasuwa ya yi tsada, ma'aikaci da aka turo aiki yana neman haya, saboda haka mai kuɗi zai so ya ɗora ɗaki bisa ɗaki. Niyyarsa ba laifi ba ce. Sai dai tsohuwar unguwa tana da masu ita.

Gidan Bahaushe tsakar gida ce ransa. A nan mata ke daka da girki da shanya, a nan ake kwana lokacin bazara, makewayi ma sau da yawa ba shi da rufi. Katanga ce suturar iyali. Ranar da tagar bene ta leƙo daga sama, katangar ta tashi daga aiki, ko da ba a taɓa tubali ɗaya ba. Malaman Malikiyya sun daɗe da sanin wannan: Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zauruka, ta hana mutum buɗe taga inda zai tsinkayi cikin gidan maƙwabcinsa.

Sai maganar ruwa. Gida ɗaya ya koma gidaje goma sha biyu, kowane da famfo da makewayi, alhali rariyar lungun tana nan yadda take. Ruwan wanka da na damina gindin katangar laka ta maƙwabci zai kwanta, har ta zube.

Don haka nauyi yana wuyan ma'aikacin da ke sa hannu a takardar izinin gini. Kafin a sauke buhun siminti na farko, ya kamata a auna ƙasa, injiniya ya duba harsashi da rodi, a juya tagogi su fuskanci titi, a haƙa magudana, mai unguwa kuma ya tara maƙwabta a ji ta bakinsu. Mai gini da ya yi haƙurin wata biyu don wannan ya sayi zaman lafiyar shekaru da arha. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, amin.